Mun Bi Bakin Teku Da Ƙafa Har Kagarar Elmina

Yawancinmu mutanen tudu ne. Ruwan da muka sani shi ne rafi da tafki da rijiya, in ya yi yawa Binuwai ko Kwara. Saboda haka da muka gama taron da ya kai mu Kumasi, a ƙasar Ghana, aka ce mana saura kwana uku kafin motarmu ta tashi, sai muka ce ai ba ma komawa gida sai mun ga teku da idonmu. Mu biyar ne: wani dattijon ikilisiya wanda dukanmu ke kira Baba, da wani fasto da mai ɗakinsa, da 'yarsu mai shekara 13, da mai wannan rubutu.

Wani ɗan'uwa a Kumasi ya buga wa kawunsa waya, ya ce ga baƙi nan tafe. Kawun nan mai wa'azi ne a ikilisiyar Metodis ta wani ƙauyen masunta da ake kira Brenu Akyinim, yamma da garin Elmina. Muka kama hanya ran Litinin da sassafe. Hanyar ta ratsa kurmi, ta bi ta wani gari wai shi Assin Manso. A nan direba ya rage gudu, ya nuna wajen wani rafi, ya ce a cikinsa ake yi wa bayin da aka koro daga arewa wankan ƙarshe kafin a kai su bakin teku. Muka ce, "Allah Sarki," muka wuce. A lokacin hankalinmu yana kan ganin ruwa ne kawai.

A Ƙauyen Masunta

Kafin mu ga teku sai da muka ji shi. Ƙara ce kamar ta hadari mai nisa, amma ba ta tsayawa. Da muka fito daga tsakanin gidaje da itatuwan kwakwa, sai ga ruwa iyakar ganin ido, babu gaɓa a ƙetare. Yarinyar ta ruga ta ɗiba da hannu ta ɗanɗana, nan da nan ta tofar. Baba kuwa ya cire hularsa, ya daɗe a tsaye bai ce kome ba.

Mun tarar ana jan taru. Ga yadda suke yi. Kwalekwale yakan kai tarun can cikin ruwa, ya zagaya da shi, ya dawo da igiya bakin gaɓa. Sa'an nan mutane su jeru layi biyu, maza da samari har da yara, suna ja suna waƙa, kowa na jingina da baya. Wanda ya kai ƙarshen igiya sai ya saki ya koma gaba ya sake kamawa. Duk wanda ya sa hannu yana da rabonsa, ko baƙo ne. Fasto ya naɗe wandonsa ya shiga layi, bai yi rabin awa ba tafin hannunsa ya yi bororo. Aka yi fiye da awa biyu ana ja. Da tarun ya iso, mata suka matso da manyan kwanoni. Abin da aka zazzage bai cika kwano uku ba, sauran duk leda ce da robobi.

Da dare, muna cin dokunu da soyayyen kifi da barkono, mai masaukinmu ya ba mu labarin abin da ke damun ƙauyen. Mutanen wurin Fanti ne, su ne kuwa gwanayen su a wannan gaɓa tun kaka da kakanni. Ana sassaƙa gindin kwalekwalensu daga gungume ɗaya na itacen da suke kira wawa, wanda ake sarowa daga kurmi, sa'an nan a ƙara katako a gefe, a shafe shi da fenti, a rubuta masa suna ko lambar wata aya. Maza ke shiga ruwa, amma kuɗin a hannun mata yake. Su ke sayen kifin, su yi banda, su kai kasuwa, sau da yawa ma su ke ba da kuɗin man inji. Ya ce sa'ad da yake saurayi, daga watan Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwan sanyi ke tasowa daga ƙarƙashin teku, wani ɗan kifi da suke kira eban, irin sadin ɗin nan na gwangwani, yakan cika jirage har a rasa itacen banda. Yanzu kuwa sai jirgi ya kwana a ruwa ya dawo bai mai da kuɗin mai ba. Jirage sun yi yawa, wasu na kunna fitila da dare su tara kifi har da 'ya'yansa, ga kuma manyan jiragen baƙi da suka yi shekaru suna kwashe ƙananan kifi su sayar wa 'yan kwalekwale a tsakiyar ruwa, cinikin da ake kira saiko. A shekarar 2019 gwamnati ta hana 'yan kwalekwale fita har wata guda domin kifi ya hayayyafa. Ya ce watan nan ya yi musu tsawo ƙwarai.

Muka yi addu'a tare, shi da Fanti, mu da Hausa, muka kwanta.

Tafiya A Kan Rairayi

Ran Talata ba a shiga teku a ƙasar Fanti. Al'ada ce ta tun dā, masu bi da waɗanda ba masu bi ba duk suna kiyaye ta, rana ce ta ɗinkin taru da gyaran inji. Wannan ya sa jikan mai masaukinmu ya sami sukunin yi mana rakiya. Shi ne ya ce, maimakon mu nemi mota, me zai hana mu bi bakin ruwa da ƙafa har Elmina? Muka dubi Baba. Baba ya ce shi da ya yi shekara 20 yana hawan duwatsu da bishara, rairayi ne zai gagare shi?

Ashe rairayi ya fi dutse wuya. In ka taka busasshe ƙafa ta nutse, in ka matsa kan jiƙaƙƙe raƙumin ruwa ya biyo ka. Ba mu yi nisa ba wani ya zo ya ɗauke wa fasto takalmi ɗaya, muna kallo ya tafi da shi. Saurayin ya hana shi bi, ya ce ruwan wurin yana da ja, ko su da aka haifa a bakinsa suna jin tsoronsa. Haka fasto ya ƙarasa tafiyar ba takalmi, yana riƙe da ɗayan a hannu, mai ɗakinsa na tambayarsa ko ajiye shi zai yi don tarihi.

Mun tashi da ƙarfe shida, teku a damanmu, rana a gabanmu. Ƙananan ƙaguwa masu launin yashi suna ta gudu suna shigewa rami. Muka wuce wani ƙauye da ake kira Ankwanda, inda maza ke zaune a inuwar jirage suna ɗinki, muka haye wasu duwatsu masu santsi, muka sha ruwan kwakwa a hannun wani yaro. Can wajen ƙarfe tara sai saurayin ya miƙa hannu. Muka hango wani abu fari fat a kan dutse, ruwa na dukan gindinsa. Yarinyar ta ce, "Kai, gidan nan da kyau yake!" Gaskiya ta faɗa. Daga nesa da kyau yake.

Kafin a kai kagarar akwai wani fili mai faɗi, teku a gefe ɗaya, tafkin gishiri da ake kira Benya a ɗaya gefen. A nan tsohon garin Elmina yake a dā. A shekarar 1872 Turawan Holan suka sayar wa Ingilishi kagarar. Mutanen gari da yawa ba su yarda ba, domin su abokan Asante ne, Asante kuwa na gāba da Ingilishi. Aka kama sarkinsu, Kobina Gyan, aka kai shi Saliyo. Ran 13 ga Yuni 1873 Ingilishi suka yi wa garin ruwan igwa, suka ƙone shi ƙurmus, ba a kuwa sake gina shi a wurin ba. Cikin mayaƙan Ingilishi a ranar har da dakarun Hausawa da aka kawo daga Ikko. Ba mu san haka ba sai da muka taka wurin.

Cikin Kagara

Turawan Fotugal ne suka gina ta. Sun fara isowa wannan gaɓa a 1471, suka tarar da zinariya. A watan Janairu 1482 wani jarumi mai suna Diogo de Azambuja ya sauka da mutum 600, sojoji da magina, da sassaƙaƙƙun duwatsu a cikin jirage. Ya nemi izini wurin sarkin garin, Kwamina Ansa, wanda bai so ba da farko. Mutanen gari suna kiran garinsu Edina. Ba domin bayi aka fara ginin ba, domin zinariya ne. A farkon zamanin ma Fotugal sukan sayo bayi daga wajen ƙasar Bini, a Nijeriya ta yau, su kawo nan su musanya da zinariya. Daga baya, da gonakin rake suka yawaita a ƙetaren teku, sai ɗakunan ajiyar kaya suka zama ɗakunan ajiyar mutane. A 1637 Turawan Holan suka hau tudun da ke fuskantar kagarar, suka kafa igwa, suka ƙwace ta. A hannunsu cinikin bayi ya kai matuƙa, har suka haramta shi a 1814. Tun 1979 kagarar tana cikin wuraren tarihi na duniya da hukumar UNESCO ke lissaftawa.

Muka biya kuɗin shiga, muka haye gada a kan ramin da aka fafe cikin dutse. Mai yi mana jagora ya fara kai mu ɗakunan mata. Masu karatu, ba mu da kalmar da za ta kawo muku warin wurin. An fi shekara 200 da fitar da na ƙarshe, amma yana nan cikin bango. Ɗakuna ne masu duhu, iska na shiga ta 'yar kafa. A nan suke kwana, a nan suke ci, a nan suke zagayawa, wani lokaci har wata biyu ko uku suna jiran jirgi. A tsakar gidan akwai dunƙulen ƙarfe na harsashin igwa, wanda ake ɗaure macen da ta yi gardama a jikinsa, a bar ta a rana. A sama kuma akwai baranda inda gwamna ke tsayawa ya zaɓi wadda yake so, a yi mata wanka, a hau da ita ta wani tsani zuwa ɗakinsa. Mai ɗakin fasto ta jawo 'yarta jikinta, ba ta sake ta ba har muka fita.

Ya nuna mana wani ɗaki mai hoton ƙoƙon kai a bisa ƙofa, inda ake kulle wanda ya tayar, ba ci ba sha har ya mutu. Ya ce mu shiga, ya rufe ƙofar na ɗan lokaci kaɗan. Daga nan muka sunkuya muka bi wani lungu zuwa ƙofar da ake kira ƙofar da ba a komowa. Tsaga ce siririya a bango, mutum ɗaya kaɗai ke iya bi, shi ma a karkace. Ta cikinta muka hango jiragen masunta da tutocinsu, da yara suna wasa a rairayi.

Abin da ya sa muka rubuta wannan labari kuwa shi ne abin da muka gani bayan haka. A tsakiyar babban filin kagarar akwai majami'ar da Fotugal suka gina. Da Holan suka ci wurin sai suka mai da ita ɗakin ciniki da wurin cin abincin hafsoshi, suka yi tasu majami'ar a bene, a sashin da ɗakunan mata suke. Muka hau. Ɗaki ne mai haske, iskar teku na shiga ta tagogi. A bisa ƙofa an rubuta aya daga Zabura 132 da harshen Holan, har yanzu ana iya karanta ta. Yarinyar ta dubi ƙasan da take tsaye a kai, ta dubi ubanta, ta ce, "Baba, in suna waƙa a nan, na ƙasa suna ji?"

Fasto ya ce, "Suna ji."

Ta ce, "To, su na saman fa, suna jin na ƙasa?"

Ba wanda ya amsa mata.

Wani Fasto Baƙar Fata

Da a ce Turawa kaɗai suka yi sujada a ɗakin nan, da mun sami wurin ɓuya. Amma akwai Jacobus Capitein, wato Yakubu Kyaftin. Ɗan wannan ƙasa ne, an sayar da shi yana da shekara bakwai ko takwas. Wani ma'aikacin kamfanin Holan ya tafi da shi ƙasarsu a 1728. Aka yi masa baftisma a 1735, ya shiga jami'ar Leiden, ya yi karatun tauhidi. A 1742 ya rubuta littafi da Latin, inda ya kawo hujja cewa bauta ba ta saɓa wa 'yancin Kirista ba, gama a ganinsa 'yancin da bishara ke bayarwa na ruhu ne, ba na jiki ba. Masu cinikin bayi suka yi murna da littafin ƙwarai. A shekarar nan aka naɗa shi, aka aiko shi Elmina ya zama faston kagara.

Kada mu yi saurin jifansa. A zamaninsa iyayengiji da yawa suna hana a yi wa bayinsu wa'azi, don tsoron kada baftisma ta 'yanta su. Yakubu ya so ya buɗe wa bishara ƙofa, sai ya ce musu kada su ji tsoro, bawa zai iya zama mai bi ya kuma zauna bawa. Ya buɗe makaranta a Elmina, ya juya Addu'ar Ubangiji da Dokoki Goma zuwa harshen Fanti. Ya nemi auren wata 'yar gari, shugabannin ikilisiya a Amsterdam suka ƙi domin ba ta da baftisma, aka aiko masa da Baturiya. Turawan kagara ba su girmama shi ba, mutanen gari ba su ɗauke shi nasu ba. Ya mutu a 1747, yana da shekara wajen 30, da bashi a kansa. Duk da haka, a namu ganin, ya sayi izinin wa'azi da tsada mai yawa, ba kuwa shi ya biya ba. Matan da ke ƙarƙashin bagadinsa su suka biya.

A Inuwar Bango

Muka fito muka zauna a inuwa wajen gadar Benya, inda jirage ke cunkushe kamar shanu a kara. Wata mata mai sayar da koko da ƙosai ta ji muna magana, sai ta ce, "Sannunku da zuwa, daga ina?" 'Yar zango ce, a nan aka haife ta. Ta ce mu ci waakye, muka ce mene ne haka, ta buɗe tukunya, ashe shinkafa da wake ce, sunan ma namu ne. Ita ce ta nuna mana wani tudu da ake kira Tudun Java. Tsakanin 1831 da 1872 Holan sun kwashi mutum wajen 3,000 daga nan zuwa tsibirin Java, a Indonesiya ta yau, su yi musu soja. Yawancinsu bayi ne 'yan arewa da aka saya ta hannun Sarkin Asante. Waɗanda suka dawo, a tudun nan aka zaunar da su.

Sai Baba ya yi gyaran murya. Ya ce, "'Ya'yana, kun ga ina ta yin shiru. Kakata ta wajen uwa, mahaya ne suka kama ta a gona tana yarinya. An sayar da ita sau biyu kafin danginta su fanshe ta. Har ta mutu ba ta yarda a rufe ƙofa tana cikin ɗaki. Ba Bature ne ya kama ta ba, ba kuwa teku aka nufa da ita ba."

Mai wannan rubutu ya sunkuyar da kai, gama a gidansu labarin dabam yake. Kakanninsa fatake ne masu zuwa Gwanja sayen goro, an kuwa san abin da ayari ke kaiwa kasuwar Salaga ban da kanwa da fatu. A ƙasarmu ta Arewa sai a 1936 aka soke bauta ɗungum a doka. Ba daɗewa ba ce. Iyayen wasu masu karanta wannan shafi an riga an haife su.

Mai ɗakin fasto ce ta kawo maganar gida. Ta ce tun da suka hau benen nan take tunanin yarinyar da ke yi mata aiki, wadda aka kawo mata daga ƙauye shekara uku da suka wuce, da alkawarin za a sa ta makaranta. Tsarar 'yarta ce. Kowace safiya in iyali sun taru a falo suna addu'a da waƙa, ita tana bayan gida tana wanke-wanke. Ran Lahadi ita ke tsaron gida da tukunya. Maganar makaranta kuwa kullum sai a ce sai baɗi.

Fasto ya ce, "Haba, Mama, ai ba ɗaya ba ne. Wa ya saye ta? Wa ya ɗaure ta?"

Ta ce, "Ban ce ɗaya ba ne. Na ce tana jin waƙarmu ta taga."

Mun san gidajen masu bi da yawa da ke da irin yarinyar nan, namu ma a ciki. Lalle ba bauta ba ce, wasu kuwa suna riƙon su da amana kamar 'ya'yan cikinsu. Amma wanda ya karanta wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon ya san matsayin da manzo ya roƙa a ba Unisimas a gidan nan, ya kuma san ba a bayan gida ya ce a ajiye shi ba. Fasto da mai ɗakinsa suka ci gaba da maganar ƙasa-ƙasa, har muka ji suna lissafin kuɗin rigar makaranta da na littattafai, suna gardama a kan ko a sa ta aji ɗaya da ƙanana ko a nemi mai koya mata a gida tukuna.

Saurayin ya tambaya ko za mu hau tudun da Holan suka kafa igwa, mu ga ƙaramar kagarar da ke bisansa. Baba ya ce ƙafafunsa sun ce a gaishe ta. Muka saya wa fasto silifa a bakin kasuwa, muka shiga mota muka koma Brenu.

Ran Laraba, tun da sauran duhu, hayaniya ta tashe mu. Muka fita muka tarar ana tura jirage cikin ruwa a kan gungume. Mai masaukinmu yana tsaye a rairayi da fitila a hannu, yana yi wa kowane jirgi addu'a in ya zo wucewa. Jikansa yana cikin na uku. Ya ɗaga mana hannu, raƙumin ruwa ya ɗaga jirgin sama ya sauke, aka ta da inji. Muka tsaya har muka daina jin ƙararsa, sa'an nan muka je muka ɗaura kaya.